Faɗakar da Matuƙin Jirgi da Falke a kan Jin Ƙan Ƙwari

Da sunan Allah nake farawa, wanda rahamarSa ta game halitta duka. Godiya ta tabbata gare Shi, Shi ne Ya gudanar da koguna, Ya ciyar da giwan ruwa a cikin zurfi, Ya ciyar da kiyashi a ƙarƙashin ganye, bai mance da ɗayansu ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan 'yar takarda ce a kan wata mas'ala wadda mutane suke raina ta, alhali kuwa akwai hukunci da hikima a ƙarƙashinta. Surarta ita ce: mutum yana tuƙa kwalekwale a kan Kwara, daga Yelwa zai ƙetare zuwa gungu, ko yana gangarawa ƙasar Ngaski, ko yana haurawa wajen Shanga, sai ya ga ƙudan zuma ya faɗa ruwa, fukafukansa sun jiƙe, yana ta juyawa ya kasa tashi, ko ya ga tururuwa sun dunƙule a kan karan burugu wanda ambaliya ta tumɓuke. Shin ya miƙa filafili ya tsamo su ya aza a bakin jirgi har su bushe, ko kuwa ya wuce abinsa? In ya tsamo su, yana da lada, ko wasa ne irin na yara? Kuma ta yaya wannan zai haɗu da kasancewarsa masunci, mai kashe kifi ɗari a wuni, mai kashe sauro da dare? Na kasa amsa kashi biyar, da rufewa. Allah ne abin neman taimako.

Fasali na farko, a kan asalin jin ƙai

Ka sani, ya kai ɗan'uwana, Allah Ya datar da mu da kai, cewa rai ba naka ba ne, ko naka na jikinka, balle na waninka. Duk mai motsi a bayan ƙasa da cikin ruwa mallakar Mahaliccinsa ne, kai kuwa an ba ka izinin amfani da sashe gwargwadon bukata. Wanda aka ba aron jirgi ba ya fasa shi don nishaɗi, ko da mai jirgin ba ya nan. To, ina ga wanda Mai abin yake ganinsa kullum?

Ya kai almajiri, dubi allonka. Surori uku na Alƙur'ani sunayen ƙananan halitta suke ɗauke da su: Suratun Nahli ta ƙudan zuma, Suratun Namli ta tururuwa, Suratul Ankabuti ta gizo-gizo. An buga misali da sauro a cikin Baƙara, an buga misali da ƙuda a cikin Hajji, inda aka bayyana gazawar abubuwan da ake bauta wa koma bayan Allah ga halittar ƙuda guda ko da sun taru. A cikin Suratul An'ami an sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamarmu. Kuma Annabi Sulaimanu, aminci ya tabbata gare shi, wanda aka hore wa iska da aljannu, ya ji gargaɗin da tururuwa ta yi wa 'yan'uwanta kada rundunarsa ta tattake su, sai ya yi murmushi, ya roƙi Allah Ya kimsa masa godiya. Abin da sarki irin wannan ya saurara masa, bai kamaci mai kwalekwale guda ya raina shi ba.

Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa wani daga cikin Annabawa ya sauka a ƙarƙashin itaciya, tururuwa ta cije shi, sai ya sa aka ƙone gidansu, Allah kuwa Ya yi masa wahayi yana mai zarginsa a kan halaka al'umma mai tasbihi saboda cizon guda ɗaya. Ya zo kuma cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishi, kuma wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Abu Dawuda ya ruwaito hani ga kashe abubuwa huɗu, a cikinsu akwai tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda. Malamai kuma suna ba da hikaya cewa an ga Imamu Gazali a mafarki bayan rasuwarsa, ya ce an yi masa rahama saboda wani ƙuda da ya sauka a kan alƙalaminsa, ya dakata da rubutu har ƙudan ya sha tawada ya ƙoshi. Mafarki ba a gina hukunci a kansa, sai dai ma'anarsa ta dace da abin da ya inganta.

To, daga nan ka fahimci cewa tsamo ƙwaro daga ruwa, da niyyar jin ƙan halittar Allah, aikin alheri ne wanda ake fatan lada a kansa. Ba farilla ba ne, wanda ya wuce bai yi saɓo ba. Amma wanda ya miƙa filafili ya samu abin da wancan bai samu ba.

Fasali na biyu, amsa ga mai cewa masunci ba shi da bakin maganar tausayi

Idan wani ya ce: yaya mutumin da jirginsa yake cike da ƙarfasa da tarwaɗa da kurungu, suna ta mutsu-mutsu har su mutu, zai zo yana tausayin tururuwa? Ai wannan munafunci ne, ko dai ya tausaya wa duka ko ya bar duka.

Sai mu ce masa: ka haɗa abu biyu waɗanda shari'a ta raba. Akwai ɗaukar rai domin bukatar da Mai rai Ya halatta, akwai kuma ɗaukarsa a banza. Kifi an halatta shi abinci, da shi Basarke yake ciyar da iyalinsa, da shi mai banda yake biyan bashinsa, da shi marayu suke samun miya. Wanda ya kama shi da izini, ya ambaci Allah, ya ci ko ya sayar, bai yi zalunci ba. Amma wanda ya ga mazari ya sauka a bakin jirgi ya murƙushe shi da yatsa don hannunsa yana ƙaiƙayi, ko yaron da ya kama malam-buɗe-littafi ya cire masa fukafuki yana dariya, me ya ci, me ya sayar, wace cuta ya tunkuɗe? Ba shi da amsa in an tambaye shi.

Saboda haka ma'aunin shi ne dalili, ba girman jiki ba, ba kuma yawan adadi ba. Mahauci yana yanka sa, a ba shi lada in ya wasa wuƙa ya hutar da dabba. Wani kuma ya kashe ɗan tsuntsu a banza, a tambaye shi. Masunci ma akwai jin ƙai a cikin sana'arsa: ya mayar da 'ya'yan kifi ruwa, kada ya kafa taru mai ƙananan ido wanda yake kwashe uwa da jariri, kada ya kama abin da ya san ruɓewa zai yi kafin ya kai gaɓa. Hannun da ya saba tsamo ƙudan zuma shi ne ya fi kusa da sakin ɗan giwan ruwa wanda bai kai ci ba, domin hali guda ne yake aiki a wuraren biyu.

Idan ya sake cewa: ai ƙwaron nan da ka tsamo abincin kifi ne, ka hana kifi rabonsa, kuma gobe wasu dubu za su faɗa ba ka nan. Sai mu ce: ba a ɗora maka tsaron kogin duka ba, arzikin kifi kuwa yana hannun wanda Ya halicce shi. Abin da aka ɗora maka shi ne abin da ya zo gabanka, wanda hannunka yake iya kaiwa. Mai ba almajiri guda tuwo ba a ce masa ya bari don akwai mayunwata a wasu garuruwa.

Fasali na uku, a kan mai cutarwa

Ka sani jin ƙai ba ya nufin ka miƙa jikinka ga cuta. Sauro yana kawo zazzaɓi mai kashe yara, kashe shi halal ne, shiga gidan sauro kuwa kiyaye amanar jiki ne. Akwai kuma wani ɗan baƙin ƙuda mai cizo da rana, wanda yake hayayyafa a ruwa mai gudu a kan duwatsu, irin gurguzun ruwan da ke wajen tsohuwar Busa kafin tafki ya rufe shi. Cizonsa yana sanya wa mutum wata tsutsa mai kawo ƙaiƙayi, daga baya ta makantar da ido, har an san ƙauyukan bakin kogi a ƙasashen Afirka ta Yamma waɗanda mutane suka watse daga cikinsu saboda ita. Tun daga 1987 aka fara bayar da maganin Mectizan kyauta domin wannan ciwo. Yaƙar wannan ƙuda da shan maganin jin ƙai ne ga 'yan Adam, babu mai hankalin da zai hana.

Malamanmu na mazhabar Maliku sun auna wannan da kyau. A ƙarshen Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana cewa an ƙi a kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta, kuma babu laifi a kashe tururuwa in ta cutar kuma ba a iya jure mata, amma barinta shi ya fi soyuwa, kuma an ƙi kashe kwaɗi. Dubi yadda ya sanya sharaɗi uku: a tabbatar da cuta, a rasa wata hanya, a kuma guje wa azabtarwa. Wanda cinnaku suka shiga buhun busasshen kifinsa a cikin jirgi, in shanya buhun a rana zai kore su, to, ya shanya. In bai kore su ba, ya kashe gwargwadon abin da ya tunkuɗe ɓarna, ba ya bi su har raminsu da kalanzir da ashana.

Wannan ma'auni shi ne dai a kan manyan dabbobin ruwa. Dorina tana kifar da jirgi, tana cinye shinkafa a fadama da dare, kuma mai ɗa ta fi kowace faɗa. A shekarar 2024 wata dorina ta kashe mutum a Yauri, hukuma ta ba da umarni a kashe ta, masunta da manoma suka bi ta da zago har suka same ta, aka kashe ta tare da ɗanta, aka raba nama. Wadda ta kashe mutum kuma ake tsoron ta sake, hukuncinta a fili yake, domin ran ɗan Adam shi ne gaba. Amma ka tuna da zargin da aka yi a kan gidan tururuwa: laifin guda ba ya hawa kan jinsi duka. Dorina ta ragu ƙwarai a ƙasar nan, haka ayu, wanda ba ya cizo ba ya faɗa, ciyawa ce mafi yawan abincinsa, ana farautarsa saboda namansa da mansa. Matuƙi mai hankali in ya hango kunnuwan dorina a kan ruwa sai ya ba ta hanya ya bi ta nesa, kada ya shiga tsakaninta da ɗanta, kada ya jefe ta don fasinja su yi kallo. Haka kada mai shan hantsi a kan yashi, da guza, da zalɓe mai tsayuwa a bakin ruwa: kallonsu tunani ne a kan ikon Allah, tsokanarsu kuwa wauta ce mai jawo asara.

Fasali na huɗu, a kan cewa arzikin falke yana rataye da ƙwaro

Ya kai falke mai fataucin banda, kada ka ce wannan magana ta malamai da yara ce, ba ruwanka. Saurara ka ji inda kuɗinka yake fitowa.

Lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ƙarshensa na arewa yana wajen Yelwa. Aka tayar da mutane fiye da 40,000 daga gungaye da garuruwan gaɓa, Gungawa da Kambari da Busawa da wasunsu, aka sake musu matsuguni. Gonaki suka nutse, itatuwa suka mutu a tsaye a cikin ruwa. To, masana da suka yi bincike a tafkin sun samu cewa tsutsar wani ɗan ƙwaro mai fararen fukafukai tana huda waɗannan matattun itatuwa tana zama a ciki da yawan gaske, kifi kuwa yana cinta. Idan ta girma sai ta fito tari-tari, ta yi ta faɗawa kan fitila, ranta bayan fitowa bai wuce dare guda ba. Wannan abin da kake kakkaɓewa daga tufarka, shi da ire-irensa na cikin laka su ne tuwon kurungu da ƙananan kifaye, ƙananan kifaye su ne tuwon giwan ruwa, giwan ruwa shi ne abin da kake ɗaurewa a kwali ka ɗora a mota daga kasuwar Yelwa zuwa Sakkwato da Kano da ƙasashen kudu. Ka ga ashe jarinka yana tsaye a kan tsutsar da ba ka san sunanta ba.

Haka mazari: kafin ya yi fukafuki a cikin ruwa yake zama yana cin 'ya'yan sauro, bayan ya tashi kuma ya kama sauron a sama. Haka ƙudan zuma: albasar da ƙasar Yauri ta yi suna da ita, ba ta yin iri mai kyau sai ƙudan zuma da ƙudaje sun yi ta sauka a kan furenta suna ɗaukar garinsa daga wannan zuwa wancan, kabewa da kankana ma haka. Ƙudan zuman da ka tsamo daga ruwa, wataƙila daga gonar albasar maƙwabcinka ya fito neman ruwan sha.

In ka gane wannan, ka gane girman laifin mai zuba guba a ruwa, irin gamalin da makamantansa, don kifi ya taso ya kwasa. Shi wannan ya kashe abin da yake nufi da abin da ba ya nufi: kifi da ƙwansa, da tsutsa, da kwaɗo, da ɗan mazari; ya gurɓata ruwan da mata suke ɗiba da wanda shanun Fulani suke sha; sa'an nan ya sayar wa Musulmi abin da zai cuce su. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana kamu da guba da abin fashewa, shari'a kuwa ta riga ta hana, domin ɓarna ce a bayan ƙasa. In an zargi wanda ya ƙone gidan tururuwa guda, me kake zato ga wanda ya kashe gulbi? Ɗan'uwansa a laifi shi ne mai yayyafa fiya-fiya a kan banda don kada ƙwaro ya ci. Ƙwaron banda mai ɓarna ne, korarsa halal ce, amma hanyarta ita ce a busar da kifi sosai, a sake masa hayaƙi, a ajiye shi a wuri mai tsabta, kada a daɗe ana ɓoye shi ana jiran tsada. Wanda ya tsare dukiyarsa da gubar da za ta shiga cikin yaron wani, ribarsa ba ta da albarka.

Fasali na biyar, a kan iyakar wannan jin ƙai da jerinsa

Kowane alheri yana da wurinsa, in ya wuce wurin sai ya koma aibi. Matuƙin da yake ɗauke da mutane, iska ta taso, igiyar ruwa tana dukan jirgi, ba ya karkata jirgi don ya tsamo fara. Amanar da ke cikin jirgi ta fi wadda ke kan ruwa. Fasinja ma kada ya leƙa ya rinjayar da kwalekwale saboda ƙwaro. Kuma kada abin ya kai mutum ga waswasi, har ya kasa kwarfe ruwan jirgi don tsoron akwai kiyashi a ciki, ko ya kasa taka ƙasa. Abin da ya mutu ba da nufinka ba, babu laifi a kanka.

Mafi muhimmanci kuwa, ka sani jin ƙai yana da jeri: iyaye, da iyali, da maƙwabci, da abokin ciniki, da sauran mutane, sa'an nan dabba, sa'an nan ƙwaro. Wanda yake zuba wa tururuwa tsaki amma yana tauye mudu, ya gina soro ba tushe. Wanda yake tsamo ƙudan zuma amma yana cika jirgi da mutane da buhuna da babura har ruwa ya kusa bakinsa, don kwaɗayin kuɗin mutum goma, tausayinsa bai kai inda ake nemansa ba. Mutanen wannan ƙasa ba su mance da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, ranar da jirgi ya tsage ya nutse kusa da Wara a ƙasar Ngaski, mutane masu yawa ƙwarai suka halaka, hukumomi kuma suka ambaci yawan lodi a cikin dalilan. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Duk wanda ya tsaya a gaɓa ranar nan ya san abin da ake nufi da rai yana neman abin kamawa a kan ruwa.

To, me ya sa muka tsawaita a kan ƙwaro, alhali mutum ne gaba? Domin zuciya da sabo take koyo, kamar yadda hannun almajiri yake koyon rubutu da babbaƙu kafin ya kai ga rubuta Mus'hafi. Jin ƙan ƙwaro aiki ne wanda riya ba ta cika shigarsa ba: ƙwaro ba ya godiya, ba ya ba da labari, ba ya rama alheri, babu mai yi maka kirari saboda shi. Wanda ya saba tausaya wa abin da ba shi da mai tsaya masa, shi ne ake fatan zai tausaya wa maraya da baƙo da ɗan dako, waɗanda su ma sau da yawa ba su da mai tsaya musu. Wanda kuwa aka bari tun yana yaro yana azabtar da ƙadangare da fara, ana dariya, to, ana koya masa cewa rauni dalili ne na a taka mai shi, kuma zai ɗauki wannan karatu zuwa kasuwa da gidan aurensa.

Rufewa

Ya ku almajirai masu zuwa wanki da ɗiban ruwa a bakin Kwara, da ku matuƙa, da ku fatake: in farin ruwa ya zo da damina ya tumɓuke ciyawa, ko baƙin ruwa ya iso da sanyi daga ƙasashen yamma ya rufe tsibiran yashi, za ku ga ƙananan halitta da yawa a kan ruwa suna neman tudu. Wanda ya samu iko ba tare da cutar da kansa ko waninsa ba, ya miƙa musu filafili ko kara, ya yi niyya don Allah. Mai cutarwa ku tunkuɗe shi da mafi sauƙin hanya, ban da wuta, ban da wasa. Kada ku zuba guba a ruwa, kada ku saya daga mai zubawa. Ku hana yara azabtar da abin da ba ya iya kai ƙara. Ku auna lodin jirgi kamar yadda kuke so a auna in 'ya'yanku ne a ciki.

Allah Ya sanya rahama a zukatanmu, Ya kiyaye masu tafiya a kan ruwa da tudu, Ya yi albarka a cikin kogi da abin da ke cikinsa, Ya gafarta mana da iyayenmu da malamanmu, da wanda ya kwafi wannan takarda, da wanda ya karanta, da wanda ya saurara. Allah ne Mafi sani. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonSa, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.